Ko Ya Dace Yarinya Ta Buga Ƙwallo a Ƙungiyar Yara Maza?

Wani uba daga Ƙofar Marusa a birnin Katsina ya aiko da tambaya a kan 'yarsa mai shekara goma, wadda ta taso tana buga ƙwallo da yayyenta maza a tsakar gida, har mai horar da yaran unguwarsu ya ga ƙafarta ya nemi a bar ta ta riƙa zuwa atisaye tare da yaransa, tunda babu ƙungiyar 'yan mata a kusa. Mahaifiyarta tana ɗari-ɗari, baffanta kuma ya ce sam bai yarda ba. Uban yana so ya ji ko dokar ƙwallo ta yarda da haka, ko akwai haɗari ga lafiyar yarinyar, da kuma shekarar da ya kamata a raba ta da mazan.

Malam, Allah ya raya mana zuri'a. Na shafe fiye da shekara ashirin ina koyar da darasin motsa jiki tare da horar da yaran firamare da ƙaramar sakandare a nan Katsina, kuma a tsawon wannan lokaci 'yan mata kaɗan sun ratsa ta hannuna a cikin maza, saboda haka amsar da zan ba ka ta abin da na gani ce da abin da na karanta. Ra'ayina shi ne ka bar ta ta je, bisa sharuɗɗan da zan ambata, amma ka ɗauki abin a matsayin zango na shekara biyu ko makamancin haka, kuma tun daga yau ka fara tunanin inda za ta koma idan zangon ya ƙare.

Maganar doka ita ce mafi sauƙi. Dokokin wasan ƙwallon ƙafa guda 17 ne, hukumar IFAB ce ke tsara su, kuma babu inda suka ce dole ɗan wasa ya kasance namiji ko mace. Sun yi bayanin fili da ƙwallo da yawan 'yan wasa da kayan sawa da laifuffuka da makamantansu ne kawai. Wanda ke yanke hukuncin wa zai buga da wa shi ne mai shirya gasa. A matakin ƙwararru FIFA ta raba maza da mata, kuma ta nuna hakan a fili a 2004 lokacin da ta hana 'yar wasan Meziko Maribel Domínguez shiga kulob ɗin maza na Celaya bayan an riga an daidaita da ita. A matakin yara kuwa kowace ƙasa da nata tsarin. Ingila, wadda ta taɓa hana mata buga ƙwallo a filayen kulob-kulob ɗinta daga 1921 har kusan shekara hamsin, ita ce a 2015 ta ɗaga iyakar wasan haɗaka zuwa 'yan ƙasa da shekara 18. A Jamus ana barin yarinya ta buga da maza har rukunin 'yan ƙasa da 17, da sharaɗin amincewar iyaye idan ta fara girma. Holan ta wuce nan, domin tun 2021 ta ba mata damar shiga ƙungiyoyin manyan maza waɗanda ba na ƙwararru ba.

A wajenmu ƙungiyar unguwa ba ta tafiya da wani kundi, don haka atisaye da wasan sada zumunta ba su da wani shamaki in ban da yardar iyaye da ta koci. Inda ake samun rigima shi ne gasar cin kofi. Duk wanda ya taɓa shiga gasar unguwanni ya san halinmu: ba a tuna doka sai an sha kashi. Ƙungiyar da ta yi dariya da ta ga yarinya a jerin abokan karawarta ita ce za ta kai ƙara bayan an tashi wasa a ce a ƙwace maki. Saboda haka kocin ya gabatar da sunanta ga masu shirya gasa tun kafin a raba jadawali, a amince a gaban wakilan sauran ƙungiyoyi, a kuma rubuta. Gasannin makarantu da ke ƙarƙashin hukuma, irin wadda hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta ƙaddamar a 2022 domin 'yan makaranta na Afirka, rukuni biyu suke da shi, na maza daban na mata daban, don haka a irinsu ba za ta shiga cikin maza ba.

Batun jiki shi ne inda nake so mu daɗe, domin a nan ne mutane suka fi yin kuskure, masu goyon baya da masu hanawa duka. Kafin balaga, bambancin ƙarfi da gudu tsakanin yaro da yarinya masu shekaru ɗaya ƙanƙani ne ƙwarai, bai kai bambancin da ke tsakanin yara maza biyu na aji ɗaya ba. Ƙari a kan haka, yarinya tana riga yaro shiga lokacin saurin tsawo da kimanin shekara biyu: ita takan kai ƙololuwarsa a wajen shekara 11 zuwa 12, shi kuwa sai wajen 13 zuwa 14. Idan kana son ka gani da idonka, ka tsaya a bakin kowace firamare lokacin da ake jeren safe ka dubi 'yan aji biyar da aji shida, za ka tarar 'yan matan da dama sun kere wa mazan tsawo. To a wannan tsakanin 'yarka take yanzu, kuma babu wani dalili na lafiya da zai hana ta tsere ko haɗa kafaɗa da yaro ɗan shekara goma.

Abin yana juyawa ne da zarar mazan sun fara balaga. Sinadarin testostaron yana ƙaruwa a jikinsu har ya ninka na mace sau goma sha biyar ko fiye, tsoka ta ƙaru, ƙashi ya yi kauri, kafaɗa ta buɗe, jini ya ƙara ɗaukar iska. Wannan ne ya sa a tsakanin manyan 'yan tsere na duniya tazarar maza da mata take kaiwa kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari, kuma a ƙarfin dukan ƙwallo da tsalle tazarar ta fi haka. A filin ƙwallo ba gudun ne ya fi damuna ba, domin yarinya mai basira tana iya rufe gibin gudu da saurin tunani. Abin da ke damuna shi ne karo: mutum biyu sun taho a guje kan ƙwallo ɗaya, ɗaya ya fi ɗaya nauyi da kilo goma sha biyar, a kan ƙasa mai tauri irin ta filayenmu da babu ciyawa ko ɗaya a lokacin rani.

Za ka iya cewa ai ga Jamus da Ingila sun bari har shekara 17 da 18. Gaskiya ne, amma akwai abin da suke da shi wanda mu ba mu da shi, wato tabbacin shekaru. A can idan an ce ƙungiyar 'yan ƙasa da 12 ce, kowane yaro yana da takardar haihuwa ta gaskiya. A wajenmu kuwa rage shekaru ya zama ruwan dare a harkar ƙwallo, har sai da FIFA ta fara amfani da na'urar MRI tana duba ƙashin wuyan hannu don tantance shekarun 'yan wasa a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 ta 2009, wadda aka yi a nan Najeriya har aka buga wasu wasanninta a Kano da Kaduna da Bauchi. Idan haka ta faru a matakin ƙasa, ka ƙiyasta abin da ke faruwa a gasar unguwa inda ba a tambayar ko katin rigakafi.

Na taɓa kai yarana wasa da wata ƙungiya da aka ce ta 'yan ƙasa da 13 ce, a cikin yarana akwai wata yarinya 'yar shekara sha ɗaya da ke buga mana baya ta hagu. Da suka fito ɗumama jiki sai na ga ɗan gabansu da gashin baki ya fara tsirowa, muryarsa ta buɗe, ƙwaurinsa kamar taɓarya. Na yi magana, kocinsu ya rantse cewa girman jiki ne kawai, ni kuma kunya da son kada a ce na ji tsoro suka sa na bari aka fara. Ba a yi minti goma ba ya sheƙo wata ƙwallo daga kusa ta sami yarinyar a ƙirji, ta zauna a ƙasa tana neman numfashi, idonta ya yi ja, amma ta ƙi yin kuka don kada a ce mace ce. Allah ya tsare babu karaya. Laifin nawa ne, kuma ba don ita mace ce kaɗai ba, domin da yaro ɗan shekara sha ɗaya ƙwallon ta samu, abin da zai faru ke nan. Tun daga ranar na daina auna abokan karawa da abin da aka faɗa a baki, sai da abin da idona ya gani.

Wannan shi ne ma'aunin da nake so ka riƙe. Kada ka tambayi koci shekarun yaransa, ka je filin ka gan su. Idan sa'o'inta ne a jiki, muryoyinsu ba su fashe ba, to babu laifi. Idan kuwa ƙungiya ce da ake cakuɗa ɗan shekara tara da ɗan shekara sha shida a wasa ɗaya saboda ƙarancin yara ko ƙarancin ƙwallo, to wannan wuri bai dace da ita ba, kuma bai dace da ƙananan mazan da ke ciki ba.

Akwai wasu abubuwa na lafiya da suka shafe ta ko da wa take wasa. Mata sun fi maza saurin tsinkewar jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki, wadda likitoci ke kira ACL, kuma bambancin yana bayyana ne daga lokacin balaga, lokacin da ƙugu ke buɗewa, yanayin saukowa daga tsalle da juyawa a guje ya canza. Rauni ne mai tsada da ke bukatar tiyata da jinyar watanni masu yawa, kuma sau da yawa yana faruwa ba tare da kowa ya taɓa 'yar wasa ba. Maganinsa na rigakafi ba ya cin ko sisi: tsarin ɗumama jiki na kimanin minti ashirin da ake kira FIFA 11+, wanda ke da nau'i na musamman domin yara, yana koyar da tsayuwa da ƙafa ɗaya, da sauka daga tsalle gwiwa a lanƙwashe ba tare da ta karkata ciki ba, da ƙarfafa cinya da ciki. Kocin da ɗumama jikinsa bai wuce zagaye fili sau biyar ba ya kamata a nuna masa wannan. Ƙwallon ma a duba ta. Wadda ta dace da 'yan shekara goma ita ce lamba 4, mai nauyin giram 350 zuwa 390, ba lamba 5 ta manya mai giram 410 zuwa 450 ba, balle tsohuwar da ta sha faci ta yi tauri. Sa kai kuwa a jinkirta shi. Amurka ta hana 'yan shekara goma zuwa ƙasa sa wa ƙwallo kai tun 2015 saboda kare ƙwaƙwalwa, kuma ni ban ga asarar da yaro ya yi ba don bai fara sa kai ba sai ya kai sha biyu. Idan ta bugu a ka ta ce tana jin jiri, ko ta yi amai, ko ta rikice, wasa ya ƙare a ranar, a kai ta asibiti. A watannin Maris zuwa Mayu, da zafin Katsina ke haura digiri 40, kada a fara atisaye sai rana ta yi sanyi bayan la'asar, kuma ta tafi da ruwanta. Idan ta fara al'ada, mahaifiyarta ta lura da yawan gajiya da farin ido, domin ƙarancin jini yana yawa ga 'yan mata masu motsa jiki, kuma wake da zogale da hanta da nama suna taimakawa.

Amfanin wasa da maza a wannan shekaru kuwa a bayyane yake. Ba don maza sun fi basira ba ne, sai don sun fi yawa a fili kuma sun fi daɗewa suna bugawa, saboda haka wasansu ya fi sauri, kuma wanda ke cikinsu dole ya koyi tare ƙwallo da sakinta kafin a rufe shi. Asisat Oshoala, wadda ta fito daga gidan Musulmi a Ikorodu ta Jihar Legas, da maza ta fara bugawa a titi, iyayenta ba sa so, ta zo ta zama gwarzuwar 'yar wasan Afirka har sau shida, ta kuma ci kofin zakarun Turai da Barcelona. Marta ta Burazil, wadda FIFA ta zaɓa gwarzuwar duniya sau shida, a cikin maza ta taso a wani ƙaramin gari mai suna Dois Riachos. Lena Oberdorf ta Jamus ta zauna a ƙungiyar maza har ta kai shekara 16, ta je gasar cin kofin duniya ta 2019 tana da 17. Sai dai a yi hattara da irin waɗannan misalai, domin sunayen waɗanda suka jure ne kawai muke ji. Waɗanda aka ƙi ba su ƙwallo har suka gaji suka daina, babu mai ba da labarinsu.

Wannan kuwa yana faruwa sosai, kuma shi ne abin da za ka sa wa ido a makonnin farko. Yara maza suna da hanyoyi biyu na korar yarinya ba tare da sun ce mata ta tafi ba: ko su tura ta raga kullum, ko su yi kamar ba su gan ta ba ko da ita kaɗai ce a buɗe. Akwai kuma na uku da ya fi muni, wato yaron da ta yanke a gaban abokansa aka yi masa ihu, ya dawo ya rama da keta. Kocin kirki yana gane wannan da wuri, yana raba yara zuwa ƙananan rukunai na huɗu-huɗu ko biyar-biyar inda dole kowa ya taɓa ƙwallo, yana hukunta mai keta nan take, kuma ba ya nuna mata gata na musamman, domin gatan ma wariya ce da ke jawo mata baƙin jini. Yarinyar da na ambata ɗazu ta yi kusan wata guda ana kiranta da sunaye, har ranar da ta tare wani yaro da kowa ke tsoro sau uku a jere. Daga ranar idan ana raba set, ita ake fara ɗauka a 'yan baya. Yara sun fi manya saurin sallamawa idan sun ga aiki.

Yanzu ga maganar baffanta, kuma ina roƙonka kada ka ɗauke ta a matsayin duhun kai. Hukuncin shari'a na malamai ne, kuma ya kamata ka zauna da malamin da ka amince da iliminsa ka yi masa bayanin abin yadda yake: shekarunta, shekarun yaran, wurin, da suturar. Abin da kowa ya sani shi ne motsa jiki bai haramta ga mace ba, tunda ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Haka kuma kowa ya san umarnin raba wa yara wurin kwana idan sun kai shekara goma, wanda ke nuna cewa wannan shekaru ne da ake fara lura. Ƙwallon ƙafa wasa ne na haɗa jiki, ana turewa ana riƙewa ana faɗuwa a kan juna, don haka ni kaina, a matsayina na koci kuma uba a wannan gari, ba na ajiye yarinya a cikin maza da zarar alamun girma sun bayyana a jikinta ko a jikinsu. Abin sha'awa shi ne iyakar da ilimin jiki ya nuna da wadda tarbiyyarmu ta nuna sun faɗo kusan wuri ɗaya, wajen shekara sha biyu, wani lokaci kafin haka idan yarinya mai saurin girma ce. Idan ka gaya wa baffanta cewa abin yana da iyaka kuma kai ne ka sa iyakar, rabin gardamar ta ƙare.

Sutura ba matsala ba ce a dokar wasa. Tun 2014 IFAB ta amince da rufe kai a fili, kuma a gasar cin kofin duniya ta mata ta 2023 'yar bayan Maroko Nouhaila Benzina ta buga da kanta a rufe a gaban duniya. Sharaɗin doka ta huɗu shi ne abin rufe kan ya zama baƙi ko launin rigar, kada a haɗe shi da rigar, kuma kada ya zama da abin da zai ji wa wani ciwo. Ma'ana ba za ta sa fil ko allura ba, kuma dogon hijabin Islamiyya mai kaiwa gwiwa bai dace da gudu ba domin ana iya taka shi ko a fizge shi a wuya. Ƙaramin hijabi mai roba da ke tsayawa a kafaɗa, da riga mai dogon hannu mai yalwa, da dogon wando a ƙarƙashi, sun wadatar, kuma kowane tela zai ɗinka su. Ta shirya daga gida ta koma gida a haka, kada a ce ta canza kaya a bakin fili.

Ita kuma mahaifiyarta, ina zaton abin da ke ranta bai wuce abin da mata ke faɗa a gidan biki ba, cewa ƙwallo tana mayar da mace namiji ko tana hana haihuwa. Babu gaskiya a wannan. Gudu da tsalle ba sa taɓa mahaifa, kuma 'yan wasa da yawa sun haihu sun dawo fili, kamar Alex Morgan ta Amurka da ta haihu a 2020 ta buga gasar Olamfik a shekarar da ta biyo baya. FIFA ma ta wajabta wa kulob-kulob ba 'yan wasa hutun haihuwa na aƙalla mako 14. Amma bakin mutane gaskiya ne, kuma ita ce za ta fi jin sa, ba kai ba. Don haka kada ka yanke hukunci a majalisa ka zo ka sanar da ita. Idan ba ta gamsu ba, abin ba zai yi ƙarko ba.

Sharaɗin da na fi ba nauyi shi ne na amana, kuma a nan ba na sassautawa. Haɗarin da ya fi girma ga yaro a harkar wasanni, mace ko namiji, ba daga sa'o'insa yake zuwa ba, daga babba yake zuwa wanda aka sakar wa yara babu mai duba shi. Ba zargin kocinku nake yi ba, mai yiwuwa mutumin kirki ne da ke kashe kuɗin aljihunsa a kan 'ya'yan mutane, kamar yadda da yawa suke yi. Amma tsari ba don mugu kaɗai ake yin sa ba, yana kare mutumin kirki ma daga zargi. Ka san gidansa da iyalinsa, ka tambayi iyayen da 'ya'yansu suka daɗe a wurinsa. Kada ta kasance ita kaɗai da shi ko da wani babba, ko a fili ko a kan babur, kuma duk saƙo ya biyo ta wayarka. Yayanta ya kai ta ya dawo da ita, ta shigo gida kafin kiran sallar magariba, kada atisaye ya ci lokacin Islamiyya, kuma babu tafiya wani gari da kwana. Lokaci zuwa lokaci ka bayyana a filin ba tare da sanarwa ba. Kocin da ya ji haushin waɗannan sharuɗɗa ya riga ya ba ka amsa.

Abin da ya rage shi ne tambayar da ba ka yi ba, wadda kuma ita ce ta fi muhimmanci: idan ta kai sha biyu, sai ina? A nan ne na yi kuskurena na biyu da waccan yarinyar da na horar. Na ji daɗin yadda take tare mana baya har na manta cewa lokaci na tafiya, ranar da mahaifinta ya ce ya isa haka, kuma yana da gaskiya, ba ni da ko yarinya ɗaya da zan haɗa ta da ita. Ta mayar mini da rigar ƙungiya a wanke a ninke cikin leda, daga nan ba ta ƙara taka ƙwallo ba. Najeriya ce ke kan gaba a ƙwallon mata a Afirka. Super Falcons sun ɗauki kofin nahiyar karo na goma a Yulin 2025 bayan sun doke Maroko da ci 3 da 2 a gidanta, kuma ba su taɓa rasa zuwa gasar duniya ba tun da aka fara ta a 1991. Amma manyan kulob-kulob ɗin mata sun fi yawa a kudu, irin su Rivers Angels da Bayelsa Queens da Edo Queens, a arewa kuwa waɗanda aka fi ji su ne Nasarawa Amazons ta Lafiya da Adamawa Queens ta Yola, kuma dukansu tafiya ce mai nisa daga Katsina. Ba na so ka gina wa yarinya burin zama ƙwararriya, domin ko a cikin mazan da ke mafarkin sa rigar Katsina United a filin Muhammadu Dikko, ƙalilan ne ke kaiwa. Lafiyar jiki da ƙarfin zuciya da iya aiki cikin jama'a sun isa dalili, kuma karatu ne gaba.

Abin da zai yiwu shi ne a tara 'yan mata su buga a tsakaninsu, kuma wannan bai kai wahalar da ake zato ba. Ba a bukatar mutum ashirin da biyu. Yara goma sun isa wasan biyar-biyar, a fili mai tsawon taku arba'in, da duwatsu ko takalma a matsayin raga. Wurin da ya fi dacewa shi ne makarantar da ke da katanga, a ƙarƙashin malama mace, da izinin shugabar makaranta, domin iyayen da ba za su taɓa barin 'yarsu ta je filin unguwa ba sukan yarda idan a cikin makaranta ne babu 'yan kallo. 'Yarka, da abin da za ta koya a cikin maza a shekara biyun nan, ita ce za ta zama ginshiƙin wannan rukuni. A garin Lleida na Sifaniya wata ƙungiya ta 'yan mata zalla ta shiga gasar yara maza ta lashe ta a 2017; ba ina cewa a kwaikwayi wannan a nan ba, na kawo shi ne don a ga matakin da 'yan mata ke kaiwa idan aka horar da su tare na tsawon shekaru.

A wannan makon, ka fara da zama da mahaifiyarta, sannan ka ɗauki baffanta ku je filin da yamma ba tare da yarinyar ba, ku zauna a gefe ku kalli atisaye daga farko har ƙarshe: girman yaran, irin kalaman da kocin ke amfani da su idan yaro ya yi kuskure, ko akwai manyan samari da ke zaune a bakin fili, da lokacin da ake tashi. Idan kun gamsu, ku yi yarjejeniya da kocin a kan gwajin wata guda, kwana biyu a mako, atisaye kawai ba gasa ba. Takalmi mai ƙusoshi dogaye ba shi da amfani a busasshiyar ƙasa, kambas mai kama ƙafa ya fi, amma abin kare ƙwauri dole ne. Bayan wata guda ka tambaye ta, ita kaɗai ba a gaban yayyenta ba, sau nawa aka ba ta ƙwallo a atisayen ƙarshe da kuma wurin da aka sa ta ta buga.